Ƙwayar da Na Ƙi Saye

Kiwon raguna ne sana'ata tun ina saurayi, a bayan gidanmu na Fadaman Mada. A shekarun da ido ya rufe mini, na sha murje wata 'yar farar ƙwaya a cikin dusa idan Babbar Sallah ta gabato. Sha-ka-fashe muke ce mata. Rago ya kumbura ya yi sheƙi, mai saye ya kai gida, kwana kaɗan ya saɓe kamar buhun da aka zazzage. Wani ma ya mutu kafin ranar yanka. Da na tuba, na rantse ba ni ba ƙwayar nan har abada.

Ƙanena tela ne a Gwallaga. Ni na riƙe shi bayan rasuwar mahaifinmu, har ya yi furfura bai daina tambayata kafin ya yanke shawara ba. Lokacin korona zazzaɓi ya kama shi mako guda, ya sauka, har ya koma kan keken ɗinki. Sai numfashi ya fara gagararsa. Muka kai shi wani ƙaramin asibiti, aka gwada, aka ce ita ce. Suka sa masa bututun iska a hanci, suka hana mu shiga. Ta taga nake ganinsa.

Malamar jinya ta miƙo mini takardar magunguna huɗu, ta ce nasu sun ƙare, in sayo a waje. Mai kyamis ya jera su a kan kanta. Ban yi boko mai zurfi ba, amma kwalin na huɗun ko a mafarki na san shi.

Na ce, "Wannan ba sha-ka-fashe ba ce?"

Ya ce, "Ita ce, Baba. Tana rage ƙarfin garkuwar jiki, a bi yadda likita ya rubuta."

Mutum yana fama da cuta, a rage masa garkuwa? Na tura kwalin gefe, na ɗauki ukun. A asibiti na ce wa malamar babu na huɗun, sai an kawo daga Jos. Na koma gida na sa aka dafa citta da tafarnuwa, aka zuba zuma da habbatussauda, wai in ƙara wa jikinsa ƙarfin faɗa.

Kwana uku ina maimaita ƙaryar nan. Ƙanena yakan ɗago hannu idan ya hango ni. A rana ta biyu ya ce, numfashi na tsinka masa magana, "Yaya, da ragonka ne ba lafiya, da tuni ka isa Jos da ƙafa."

Na yi dariya. Shi ya yi tari har aka zo aka kifa shi rub da ciki.

Rana ta huɗu likitar da ke duba shi da kanta ta fito ta same ni a inuwar darbejiya. Yarinya ce, ba ta kai babbar 'yata ba. Ta ce ta aika kyamis ɗin bakin titi an samo maganin, an ce bai taɓa yankewa ba.

"Baba, me ya faru?"

Na faɗa mata labarin raguna. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce akwai fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, idan cuta ta shiga huhu sai su ruga, kowace tana kiran 'yan'uwanta. A jikin wasu kiran ba ya tsayawa, ko da cutar ta fara ja da baya.

Ta ce, "Kamar a yi ihun ɓarawo a kasuwa ne. Ɓarawon ya daɗe da ficewa, jama'a na ta tururuwa suna tattake rumfuna. Huhun ƙaninka ya kumbura, ruwa ya cika inda iska za ta bi. Masu tsaronsa ne ke cinsa yanzu. Maganin lallashinsu yake yi."

Na ce, "Da ya sha tun ranar farko, da ya tashi?"

Ta ce, "Wasu yana cetonsu, wasu ba ya yi. Ba zan ce maka eh ba, ba zan ce a'a ba."

An fara ba shi a ranar. Bayan kwana biyu, da hantsi, ya cika. Ba mu muka yi masa wanka ba.

Da matarsa ta fita takaba na je gaishe ta. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ya bar saƙo a wurin malamar jinya. Ya ce a gode maka da zirga-zirgar neman magani."

Ina iya yin shiru in tashi, ba wanda zai sani sai likitar. Na faɗa mata duka, har da kwalin da na tura gefe. Ta ce, "Allah ya ji ƙansa," ta shige ɗaki.

Har yau tana gaishe ni da ladabi. Amma da 'yarta ta kwanta ciwo bara, a bakin maƙwabta na ji, bayan an sallamo ta.