Marayan Otal

Shekarar da yaƙi ya ci Injamena muka haye ruwa zuwa Kusiri a kwalekwale, ni da Baba da Inna. Baba mahauci ne, mahauci kuwa ba ya iya zaman sansani yana jiran rabon gari. Kafin damina ya samu labarin wani abokinsa a mayankar Garwa, muka bi motar shanu muka sauka can.

Ni wata ƙungiyar agaji ta Turawa ce ta sa ni makarantar girki. Da aka gama na aji, aka raba mu sitaj, wato aikin gwaji, aka tura ni wani babban otal kusa da kogin Binuwai, inda manya ke sauka in Shugaban ƙasa ya zo ganin gida.

Mai kicin ɗin Bafaranshe ne, jibgege, zafin Garwa ya ƙone masa fara'a. Aka ce in riƙa kiransa Mushe, wato Maigida da Faransanci. Da na gaya wa Baba, sai da ya ajiye wuƙa don dariya.

"Ɗan mahauci guda, ka dubi mai rai ka ce masa mushe? Yana amsawa?"

"Yana amsawa, Baba."

"To, ya fi mu sanin kansa."

Girkin da na koya a hannun Mushe bai wuce yankan albasa da ferar dankali ba. Tukunya kuwa ba na kusantarta sai ta huce tana neman wanki.

Ana nan sai aka ce shugabar ƙungiyar agajin za ta zo daga Turai ta ga abin da taimakonsu ya haifa. Daraktan otal, wani dogo mai son jawabi, ya sa aka kira ni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce na cika ƙiba.

"Iyayenka fa?"

"Suna nan ƙalau, ranka ya daɗe."

"Wannan ba zai yi ba. Mata ba ta taso tun daga Turai don ta ji ana ƙalau ba. Gobe kai maraya ne."

Washegari aka ba ni farar riga da doguwar hula. Mushe ya dafa giwan ruwa da romon man shanu, aka ɗora mini a kan hannu, aka ce in an tambaya ni na dafa. Darakta ya tsaya ƙarƙashin hoton Shugaba, ya gode masa saboda zaman lafiya, da ruwan sama, da kifin Binuwai. Sannan ya juyo kaina. Ashe hamada na keto a ƙasa, ashe da hannuna na binne uwa da uba. Madam, shugabar ƙungiyar, ta ciro hankici. Ta dubi idanuna, jajur, domin tun safe nake kan albasa, sai ta ƙara fashewa da kuka.

Bayan an ci, ta ce sai ta ga inda nake aiki. Muna shiga kicin, sai ga Baba a ƙofar baya da cinyar bijimi a kafaɗa. Ranar shi sarkin fawa ya aiko da naman otal.

"Kai!" in ji shi. "Wace irin hula ce wannan kamar buhun gishiri? Innarka ta ce kada ka yi yamma."

Madam ta tambayi ko wane ne. Darakta ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce wannan shi ne bawan Allahn da ya ɗauki marayan ya riƙe, kamar yadda Shugaba ya hore mu da karɓar baƙo. Madam ta ce abin mamaki, har kama muke yi. Darakta ya ce ai a nan ƙasar cin tuwo a kwano ɗaya yana kawo kamanni.

Ta kama hannun Baba mai maiƙo ta girgiza, aka ɗauke su hoto. Baba ba ya jin Faransanci, sai murmushi yake yana cewa madalla.

A gida na kwashe duka na faɗa. Inna ta saki muciya.

"Ni aka binne? Ina nan ina tuƙa muku tuwo?"

"Ki yi haƙuri," in ji Baba. "Ni dai an tono ni, har da hoto. Ke ce ba a waiwaya ba tukuna."

Da safe ta ci ado, ta yafa mayafinta na biki, ta je ta zauna a ƙofar otal. Motar darakta na tsayawa ta miƙe ta leƙa taga.

"Ranka ya daɗe, gawa ce ta zo gaisuwa."

Direban ya ce bai taɓa ganin darakta ya rasa jawabi ba sai ranar. Da la'asar ya aiko gidanmu da kaji biyu, ni kuma Mushe ya miƙo mini kasko ya ce in soya ƙwai. Na ƙona na farko.