Tafiyata Burkusuma Ganin Shuɗin Ƙwai

Tozai

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai fid da kai ba, ɗana Garba ya zo da labari. Wai akwai wani mai kiwo a Burkusuma da kajinsa ke yin shuɗin ƙwai, kuma hatsi yake karɓa ya ba ka kaza. Hatsin da ya rage mana kuwa irin shuka ne, cikin tulu ƙarƙashin gadona.

"Inna, ƙwai guda kuɗin kaza ne a birni."

"To, za ni in gani da idona."

Bayan sallar asuba na juye irin a buhu na ɗauka, don na san hannun Garba idan na ba da baya.

Sabon Birni

Da hantsi munka iso ni da Garba a motar kasuwa, awaki sun fi mutane. A shinge wani mai kaki ya taɓa buhun ya ce, "Hajiya, mi ke ciki?"

"Abincin baɗi."

Ya janye hannu. Munka sha fura mai ruwa-ruwa, munka hau kabu-kabu, ni bisa buhuna.

Burkusuma

Mai kajin, Malam Ɗanjuma, ya tarbe mu da bayani. Uwar wagga daga Maraɗi, uban waccan daga Ƙonni. Asalin matansa bai sani haka ba. Kajin kuwa ƙashi da gashi, suna tsattsagar ƙasa.

Ya buɗe faifai. Ga ƙwai guda, shuɗi na gaskiya. Garba har da salati.

Na ce, "Sauran fa?"

Malam Ɗanjuma ya ce, "Sun ɗan dakata, Inna. Yunwa."

Na girgiza ƙwan kusa da kunne, yana ƙugi. Tun bara yake karɓar baƙi.

"Wato in ba ka irin gonata kajinka su ci?"

Ya rufe faifan. Can ya ce in ɗauki guda kiwo, in ta ƙyanƙyashe mu raba 'yan tsaki. Ko tsaba ban ba shi ba.

Gida

Munka iso da magariba, Garba rungume da kaza, ni da buhuna. Alhamdu lillahi. Na sa shi tono mata gara kullum safe.

Ruwa ya sauka, munka shuka. Kazar ta yi ƙwai, shuɗi kuwa. Unguwa ta cika gidana kallo, Garba na hana a taɓa.

Da sunka watse na soya shi. Ƙwai ne.