Bandar da Yaya ya ba ni

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi ina koyar da kimiyyar sinadarai a jami'a, kuma a gida Yawuri babu wanda ya san takamaiman abin da nake yi. Inna kan ce wa maƙwabta 'yarta girgiza kwalabe take yi gwamnati tana biyanta. Ba ta yi ƙarya ba. Ina zuba abin da zan bincika a kwalba, in ƙara wani sinadari wanda ba ya gauraya da ruwa, in girgiza, in bari su rabu kamar mai da ruwa. Abin da ya ɓuya sai ya bar ruwan ya koma cikin sinadarin, ni kuma in tatso shi in gane ko mene ne.

Yayana masunci ne, kamar mahaifinmu. Duk zuwan da na yi, ranar komawa sai ya aiko mini da kwandon kifi banda. Wata shekara na ji ana raɗe-raɗin wasu masunta na zuba maganin ƙwarin gona a lungunan tafki, kifi ya taso saman ruwa su kwashe. Na kuma lura kwandona ya ninka, alhali tarun Yaya na rataye a bushe. Ban ci ba. Na kai kifin ɗakin gwaji na daka, na jiƙa, na girgiza. Maganin ya fito ƙarara. Na sake da wani kifin don ina fatan hannuna ne ya kuskure, amma sakamakon bai canza ba. Ranar na yi kuka, daga baya haushi ya kore kukan.

Na koma gida na same shi a ɗakin Inna, na faɗa masa. Bai musa ba. Abin da ya ƙona masa rai daban ne.

"Kihin da nib ba ki don zumunta, shi kinka kai anka daka kamar kayan ɓarawo?"

"Shi ne, Yaya. Kuma irinai ɗiyanka ka ci kullum."

"Boko ya ɓata ki. Kowa na yi, ni kaɗai kinka gani?"

Na ce ya bari, in ba haka ba zan kai maganar gaban sarkin ruwa. Inna ta kama gefen zanena ta ce, "Ke, ciki guda kunka hito. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas." Na ce mata na ji, amma jikokinta ma daga cikin nan suka fito.

Ya ci gaba da zuba maganin, ni kuma na je gaban sarkin ruwa. An hana shi shiga ruwa har ƙarshen rani, a gaban tsaransa. Dangi suka ce na tona asirin gida, wata gwaggona ta ce ai dama mace in ta yi karatu sai ta ci gidansu. Su faɗa. Gaskiya ɗaci gare ta, kuma ban je makaranta don in koyi rufe ido ba. Da za a maido ranar, da ƙafata zan sake zuwa.

Amma abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Yaya bai sake amsa gaisuwata ba sai a zaman makokin Inna. 'Ya'yansa sun girma lafiya lau, babbar ma ta haihu. Ranar suna na aika da turmin atamfa, aka dawo mini da shi a naɗe yadda na aika.