Tsagar Gobir a Kunci Guda

Malam Edita, ni ba mai dogon karatu ba ne, aji biyu na yi, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Lokacin da abin ga ya faru ni yaro ne ɗan Hillani, rugarmu tana wajen Turba, ban san komi ba sai bin maruƙa. Wata shekara Turawa suka ce hakimi ya kawo yara makarantar elementare ta Isa, har da ɗiyan makiyaya. Dogari ya zo ya nuna ni da sanda. Baffana ya koma wajen shanu, inna ce ta bi mu tana kuka har bakin hanya.

Duk ajin ni kaɗai ne ba ni da tsaga. Sauran Gobirawa ne, kowa da zanensa daga baki har kunne tun ran suna. Suka sa mini Sumul. Wai fuskata kamar gindin ƙwarya, wai kakannina ne suka ƙone Alkalawa, tsohon birnin Gobir, ni da ban taɓa ganin wurin ba. Randa guda ce a makarantar, amma moda biyu: tasu, da wani fasasshen ƙoƙo da aka aje mini. Malaminmu saurayi ne daga Sakkwato, mutumin kirki, Allah shi jiƙan shi in ya rasu. Ran da ya lura, ya taka ƙoƙon ya ragargaje, ya ce nan ba Bagobiri ba Bahillace, duk ɗiyansa ne, moda guda, benci guda. Ya zaunar da ni a tsakiyarsu. Wanda ya wanke moda bayan na sha, bulala.

Ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe a nan ta fara. Suka bar tsokanata, suka bar yi mini magana sam. In na sha ruwa, sai su wuni da ƙishirwa, suna kallona. Duk bulalar da aka yi wa wani, ni ake harara. Malam shina murna aji ya yi tsit, bai taɓa jawo ni gefe ya tambaye ni yadda nike kwana da tashi ba. Ni ko shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Sai wani ɗan wanzami a ajin ya fara matsowa kusa da ni. Ya ba ni ƙuli, ya kira ni aboki. Ya ce shi tausayina yake ji, abin ga duka fuska ce kawai. In na yarda ya yi mini tsaga, wa zai sake sanin bambanci? Ya ce ya sha riƙe wa babansa jarirai, aikin ba wuya. Har yau ban sani ba ko da gaske yake ko turo shi aka yi. Na dai ce za ni.

Ran Juma'a, manya suna masallaci, muka gangara bakin gulbi. Na tarar da wasu huɗu suna jira, ba wanda ke dariya. Nan gabana ya faɗi, amma kunya ta hana ni gudu. Suka danne ni, ɗan wanzamin ya fiddo askar babansa da ya sato. Fatar jariri daban, ta yaro mai wayo daban. Askar ta riƙa zamewa, shina dannawa. Kafin ya gama kuncin dama jini ya rufe mini ido. Suka watsa mini baƙin tukunya suka tsere. Wani mai jaki ya tsince ni.

Fuskar ta kumbura, ta yi ruwa, na kusa tafiya lahira. Da baffa ya zo, ya daɗe shina dubana, sannan ya tambayi malam ko wannan ne karatun. Baffa ya sa ni gaba muka koma ruga, daga baya muka ƙetara iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki don kada dogari ya dawo. Karatuna ke nan. Shekaru da yawa ba a sake ganin ɗan rugarmu a aji ba.

Yau furfura ta kama ni, ina dillancin dabbobi a kasuwar Sabon Birni. Wanda ya zo mini ta dama ya gaishe ni da Gobirci, wanda ya zo ta hagu ya yi mini Hillanci, in na juyo duka su yi shiru. Ban riƙe malam ba, alheri ya nufa. Amma ina gaya wa malaman yanzu, tunda an ce za a ƙara makarantu: haɗa yara benci guda da bulala bai isa ba. Ku bi su bayan an tashi, ku san wa ke tafiya shi kaɗai. Ku kuma iyaye, abin da kuke faɗi kan wasu a gaban ɗiyanku, shi suke ɗauka zuwa bakin gulbi. In kun ga yaron da ake tsangwama ya yi shiru, kada ku ce an shirya. Ni ma shiru na yi.