Malam Na'iya, Mai Maguɗin Dara

Da an idar da sallar asuba, Malam Na'iya zai ɗauki tsintsiya ya share gindin dogonyaron ƙofar gidansa a Tambuwal. Ya haƙa gidajen dara a ƙasa, ya jera kujeru shida, ya ajiye ƙwallon tsumma. Kafin rana ta yi zafi baƙinsa sun hallara, wani da sanda, wani an goyo shi a babur, dukkansu mutanen da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa.

Shi ba likita ba ne, tsohon malamin wasanni ne na firamare. Lokacin da ciwon ya kama matarsa Saudatu, ya yi jinyarta a Sakkwato, ya zuba ido yana koyon yadda ma'aikata ke motsa mata gaɓoɓi. Da suka dawo gida sai ya lura ƙafa na warkewa, amma mantuwa na nan. Ya fara fita da ita tattaki yana tambayar ta sunan kowane gida da suka wuce. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma yanzu ita ke dama wa baƙin kunu.

Tsarinsa ba wuya. A taka zuwa bakin masallaci a dawo, a jefa ƙwallo, wanda ya cafe ya faɗi sunan gari ɗaya a hanyar Sakkwato, sannan a zauna dara. Wanda bai sha maganin asibiti ba kuwa, ba ya wasa ranar.

Ranar Talata yakan hau babur zuwa Kebbe. Can ya samu labarin Mu'awiya na Fakku, manomi mai shanu, wanda ciwon ya bari ba ya iya kiran sunan 'yarsa Hamdiya. Dangi sun ce ya zauce, sun daina fito da shi.

"Ba zaucewa ba ce," in ji Malam da ya isa gidan. "Ku hiddo min shi waje, shi sha iska."

Wata biyar ana taku ana dara. Abin da Hamdiya ta gani, wanda ya ɓata mata rai, shi ne Malam na maguɗi. Da mahaifinta ya kau da kai, sai ya zare masa tsinke ɗaya.

"Haba Baba Malam, marar lahiya kaka cuta?"

"Yi kurum, ɗiyata. Jira nikai."

Wata Talata ya zare tsinken kamar kullum. Mu'awiya ya juyo, ya daɗe yana kallon ƙasa, sai ya cafke hannunsa.

"Huɗu na bari nan! Ina guda? Hamdiya, taho ki ga ɓarawo!"

Ta saki kwanon da ke hannunta. Wata takwas rabonta da jin sunanta a bakinsa. Malam kuwa dariya yake har hularsa ta faɗi, yana cewa tun da yake ba a taɓa kiran sa ɓarawo ya ji daɗi haka ba. Bana Mu'awiya da kansa ya kai shanunsa mashaya, ya kuma dawo gida ba jagora.

Ba kowa ke warkewa haka ba, kuma Malam ba ya ɓoye wa dangi wannan. Amma ko wanda bai samu sauƙi sosai ba, ya samu wurin zuwa da abokan dariya.

Malam Na'iya, kai ne ka hana a rufe mutane a ɗaka da ransu. Gwanin haƙuri, mun gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya saka wa Saudatu da alheri.

Mu kuma, duk mai irin wannan majinyaci a gida, kada ya jira sai Malam ya iso garinsu, babur ɗinsa ɗaya ne. Ka kama hannun mahaifinka gobe da safe, ku taka zuwa bakin hanya, ka tambaye shi gidan wane ne wancan. In bai tuna ba, jibi ka sake tambaya.