Koriyar Riga a Tsakiyar Darduma

A layinmu ba a san mahaifiyata da wani suna ba sai Mai Almakashi. Tsofaffin kaya take tarawa, ta yanka su siri-siri, ta kitsa kamar gashi, ta naɗe kitson a zagaye tana ɗinkewa har ya zama darduma. Da wannan ta ciyar da mu bayan rasuwar babanmu. Dokarta ɗaya ce: duk abin da ya shiga kwandon bayan ƙofa ya zama nata. Ba ta dubawa, tana hira almakashi na ci. Wandona na makaranta ma a haka ya tafi, har yau ban yafe ba.

Yayarta, wadda muke kira Inna Babba, gidanmu ta dawo tun da ɗanta tilo ya rasu a hatsarin mota. Idonta ya yi rauni. Abin da ya rage mata na yaron wata koriyar riga ce, duk mako sai ta wanke ta shanya da kanta.

Wata safiya iska ta kaɗo rigar daga igiya. Maƙwabciyarmu ta tsinta, ta ga wuyan ya cinye, ta jefa a kwando, ita a ganinta ta kyauta. Rigar ce a sama, da ita Mama ta fara wata 'yar dardumar bakin ƙofa, irin wadda ake goge ƙafa. Sai da yamma, tana share guntaye, ta ga maɓalli. Nan take ta gane rigar da ta yanka.

"Ba ku ga rigar yarona ba?" in ji Inna Babba, tana laluben igiya.

"Za a duba, Yaya."

Na raɗa mata, "Mama, ki faɗa mata gaskiya."

"Da wane bakin? Mai shagon da ke sayen dardumarmu na hanya, ya ɗauke ta shi ke nan."

Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi yawa.

Inna Babba ta birkice gidan, har kwandon ta zazzage. Sannan ta shigo ɗakin aiki. Mama ta yi wuf ta taka tsakiyar dardumar, ta rufe koren da ƙafafunta. Tsohuwar ta durƙusa tana shafa ƙasa ko rigar ta faɗo nan. Hannunta ya hau kitson, ya bi shi zagaye bayan zagaye, yana matsowa ciki. Dab da yatsan Mama ya tsaya. Ta murza wani ɗan tudu, facin da ita da kanta ta yi wa kafaɗar rigar.



"Yaya, wallahi ban sani..."

"Sauka daga kan ɗana," ta ce a hankali.

Mama ta sauka. Inna Babba ta naɗe dardumar, ta rungume, ta shige ɗakinta. Mai shago ya koma hannu rabbana.

Tun ranar Mama ba ta sa wa tsumma almakashi sai ta kai wa yayarta ta shafa. Inna Babba takan shafa ciki da waje, ta miƙo mata.