Kallon Ido a Madubi

Kwana uku kafin a yi mini tambayoyin neman aiki a wani farmasi, wato shagon sayar da magani, a Magarya, na baro Yekuwa a bayan moto, wato babur. Na sauka gidan gwaggona, na tarar ta tafi Kano wajen 'yarta. Makulli kawai ta bar mini wurin maƙwabta.

Wata da ta taɓa aiki a farmasin ta ja mini kunne. Ta ce Alhaji mai wurin tambaya guda yake yi: "Kin taɓa ɗaukar abin da ba naki ba?" Duk wadda ta sunkuyar da kai, ɓarauniya ce a wurinsa.

Abin ya ba ni haushi. Ni da aka rene ni a kan cewa kallon babba cikin ido rashin kunya ne, yau tarbiyyata ce za ta zama shaidar sata?

Ba ni da wanda zan gwada da shi, sai madubin gwaggo. Na jingina shi da randa, ina tambaya, ina amsawa, ba mai ji sai kaji a tsakar gida. "A'a, Alhaji, ban taɓa ba." Idona ƙyam, ko ƙiftawa babu.

Sai na tuna ƙwayoyin zazzaɓi shida da na zura a haɓar zane, a ɗakin maganin da na koyi aiki, ranar da Baba ya kwanta. Na gwada faɗa wa madubin wannan. Kaina da kansa ya sunkuya.